Mai Sikeli da Ƙofofi Uku

Shaguna ashirin da biyu ne a harabar, nasa ne mafi ƙanƙanta. In mutum ya tsaya a tsakiyarsa ya miƙa hannuwa sai ya taɓa bango biyu. A nan ya shekara talatin da ɗaya yana gyaran sikeli: na mahauta, na masu hatsi, na asibiti da ake ɗora jarirai, har da ɗan mitsitsin na maƙeran zinariya wanda ko numfashi aka yi kusa da shi sai ya motsa. Babba da yaro Baba Mai Sikeli suke ce masa.

Mahaifinsa ɗan dako ne. Shi kuwa aji huɗu ya yi a makaranta aka cire shi, aka kai shi wurin wani tsoho mai wannan sana'a. Shekara guda cur tsohon bai bar shi ya taɓa sikeli ba, sai dai goge duwatsun awo da tsumma. Har yau ba ya ɗaukar dutsen awo da hannu tsirara, wai gumin yatsa ma nauyi ne. Wani mahauci ya taɓa zuwa ya rage murya ya ce a ɗan karkata masa allurar. Baba ya kwance sikelin gunduwa-gunduwa, ya zuba a leda, ya miƙa masa.

A gida, ɗaki biyu ne da baranda a hawa na biyu. 'Ya'yansu huɗu duk sun yi nasu gidan. Matarsa, wadda yake kira Maman yara, takan ce da shi, "Malam, kai ko gishiri na zuba a tukunya sai ka bi hannuna da ido." Shi kuma ya ce ai bai yi magana ba. Ta ce idon ne ya yi.

Saboda wannan hali ne mutanen harabar suka ɗora masa hukuncin ƙuri'a. In abu ya taso da ya shafi kowa, ba a ɗaga hannu, don ɗaga hannu ya taɓa raba wasu maƙwabta biyu har shekara uku. Baba ne ya kawo dabara. Ya samo notin ƙarfe, irin na ɗaure inji, guda ashirin da ɗaya masu nauyi ɗaya, ya auna su ɗaya bayan ɗaya. A rataya labule, a ajiye gwangwani biyu masu murfi a bayansa, kowane mai shago ya shiga ya jefa notinsa a wanda yake so. Sai Baba ya ɗauko gwangwanayen ya ɗora a farantan sikeli. Ɓangaren da ya sauka shi ya ci. Ba a buɗewa a ƙirga, don kada wanda aka kayar ya san da nawa aka kayar da shi ya shiga lissafin maƙiya. Shi Baba ba ya jefawa. In abin zaɓin ya kai uku, tun da faranti biyu ne da sikeli, sai a fara da biyu, wanda ya ci ya kara da na ukun. Wanne za a fara da shi? Baba yakan rubuta sunayen a guntayen takarda, wadda hannunsa ya fara kaiwa gare ta ita ce. Ba wanda ya taɓa ɗaukar wannan a bakin kome.

Rannan sai mai harabar ya aiko wakilinsa. An yawaita shigowa ana ɗauke kaya, mai gadi ɗaya kuma ba zai iya tsaron ƙofa uku ba. Za a toshe biyu da bulo, a bar ɗaya. Su zaɓa. Akwai Ƙofar Titi, kusa da teloli. Akwai Ƙofar Famfo, 'yar siririya, inda masu gyaran waya suke. Akwai Ƙofar Baya mai faɗi, wadda motar rodi take shiga wurin masu walda. Kowa ya san inda ƙofa take nan mai saye yake fara tsayawa.

Ranar Asabar aka rataya labule. Famfo ta kara da Baya, Famfo ta sauka. Famfo ta kara da Titi, Titi ta sauka. Teloli suka koma kan kekunansu suna raha. Amma ranar Litinin wakili ya ce bai ga abin da idonsa ba, ba zai sa hannu ba, a sake a gabansa.

Shugabar teloli wata mace ce da ake kira Almakashi, ba don sana'arta kaɗai ba. Tun tana 'yar koyo Yaya take kiran Baba, shi ya ɗaga mata keken ɗinkinta na farko zuwa cikin shago. Da aka taru Asabar ta biyu sai ta ce, "Yaya, ina da kayan mutane a ƙarƙashin allura. A fara da wadda ta ci, mu gama."

Baba ya ce to. Titi ta kara da Famfo, Titi ta sauka kamar wancan makon. Aka sake raba noti, Titi ta kara da Baya. Baba ya ɗora gwangwanayen ya janye hannu. Farantin Baya ya yi ƙasa, ya zauna daram.

Shugaban masu walda, wani ƙato mai ƙonannun gashin hannu da ake kira Tartsatsi, ya washe baki. Almakashi kuwa ta miƙe tsaye.

"Tsaya. Wancan makon Famfo ta kayar da Baya, ko ba haka ba? Titi kuma ta kayar da Famfo sau biyu. To yaya wadda aka kayar za ta tashi ta kayar da wadda ta kayar da mai kayar da ita? Wa ya sauya ra'ayi a cikinku?"

Ta bi su ɗaya-ɗaya, kowa ya rantse yana nan inda yake. Sai ta juyo ta dubi sikelin, ta dubi Baba.

"In mutane ba su sauya ba, Yaya, to wani abu ya sauya."

Tartsatsi ya ce, "Anti, ki auna bakinki."

"A wane sikelin?" in ji ta.

Wasu suka yi dariya. Baba bai yi ba. Wakili ya ce ya ba su mako guda, in ba su daidaita ba shi zai zaɓa musu.

Magana ba ta kwana a harabar ba. Kafin azahar ta Litinin wani mai hatsi ya zo ya karɓi sikelinsa ba a gyara ba, wai zai yi tafiya. Wani ya aiko a ce ya fasa. Mai gyaran sikeli ba shi da jari sai yarda, in aka ce nasa ma yana ƙarya, to me za a kawo masa? Baba ya rufe rabin ƙofar shago ya kwance sikelin. Ya duba ƙarfe mai kaifin da sandar sikelin take hawa a kai, ya goge, ya mayar. Ya auna gwangwanayen babu kome a ciki. Ya auna notin, kowanne da ɗan'uwansa. Allura ta tsaya cak a tsakiya kowane karo.

Washegari da safe Maman yara ta ga shayinsa ya huce bai kurɓa ba.

"Malam, ka ce ƙarfen lafiyarsa ƙalau."

"Ƙalau."

"To ka bar shi ya huta mana. Ai ba ƙarfe ne ya shiga bayan labule ba. Je ka zauna da su, kai da ba ka gajiya da sauraron surutun mutane."

Kwana biyu ya yi yana bin shaguna. Ba ya tambayar mutum me ya jefa. Sai ya zauna a benci ya ce, "Ɗana, wace ƙofa ka fi so? In ba a samu ita ba fa? Wacce ce ko a mafarki ba ka so?" Wasu suka amsa a daƙile, wasu suka saki baki. Teloli takwas duk bakinsu ɗaya: Titi, in babu ita Famfo don tana kusa, Baya kuwa wace mata za ta ratso tartsatsin wuta da sabon yadinta? Masu walda bakwai suka ce Baya, in babu ita Titi don ko amalanke ya shiga, Famfo kuwa rodi ba ya wuce ta sai an lanƙwasa. Masu gyaran waya shida, babbansu wani siriri da ake kira Caja ya yi masa bayani: Famfo, in babu ita Baya. "Titi kuwa mutuwarmu ce, Baba. Masu tebur goma ne a bakinta suna gyaran waya. Kafin mutum ya iso mu an riga an tare shi." Almakashi ma ta amsa masa, amma ba ta ɗago daga ɗinki ba, kuma ba ta ce masa Yaya ba.

Ranar Alhamis da hantsi ya shimfiɗa kwali a kan teburinsa, ya ja layi uku da alli, ya kasa notin: takwas, bakwai, shida. Ya ce bari ya yi zaɓen shi kaɗai. Titi da Famfo: teloli da masu walda suna gefe ɗaya, goma sha biyar da shida. Titi ta fi. Famfo da Baya: teloli suka koma wurin masu waya, goma sha huɗu da bakwai. Famfo ta fi. Baya da Titi: masu walda da masu waya suka haɗu, goma sha uku da takwas. Baya ta fi.

Ya tattara notin ya sake. Ya sake har sau biyar, yana neman inda ya yi kuskure. Babu.

Sai ya buɗe akwatin duwatsun awonsa ya fitar da uku ya jera, ya zuba musu ido. Tun yana ɗan shekara goma sha biyu ya san abu guda da bai taɓa ba shi kunya ba: in wannan ya fi wancan nauyi, wancan kuma ya fi na ukun, to na farko ya fi na ukun, ko a kasuwa ko a ƙarƙashin teku. A kan wannan aka gina sana'arsa duka. Kowane mutum da ya zauna da shi ma haka yake, yana da na ɗaya, na biyu, na uku, a jere kamar matakala. Ba wanda ya yi ƙarya, ba wanda ya ruɗe. Amma da aka haɗa mutum ashirin da ɗaya masu hankali, sai matakalar ta lanƙwashe ta zama zobe, ba sama ba ƙasa. Ashe abin nan da suke kira ra'ayin jama'a, wanda ya shekara da shekaru yana ɗorawa a faranti kamar buhun gero, wani lokaci babu shi sam. Ya daɗe a zaune yana jin ƙarar injin walda daga nesa, kamar mutumin da ya ɗaga tabarmar ɗakinsa ya tarar da rijiya a ƙarƙashi.

Da ya dawo hayyacinsa sai ya ga abu na biyu, wanda ya fi na farko sanyaya jiki. A cikin zobe, duk ƙofar da ta ci karon farko akwai mai kayar da ita, kuma mai kayar da itan ita ce wadda take jira a gefe. Wato wadda aka bari ƙarshe ita ke ci. Makon farko Titi ce ta ƙarshe. Mako na biyu Baya. Kuma wane ne yake ɗaukar guntayen takarda? Ya dubi hannunsa na dama. Ya tuna lokacin da aka zaɓi mai gadi cikin mutum uku, da lokacin da aka zaɓi inda za a haƙa magudanar ruwa. Ko a can ma akwai zobe? Ba shi da hanyar sani.

Da ya faɗa wa Maman yara, sai ta ce, "Ka nuna musu sikelin bai yi ƙarya ba, shi ke nan. Zancen hannunka ka bar shi a cikinka. Yanzu ma da ba ka yi kome ba ga abin da ake faɗa."

"In na bar shi a cikina, daga yau na san wadda zan bari ƙarshe. Da ban sani ba. Yanzu kuwa in na ɗauki takarda, ni na zaɓa."

"Allah ya kyauta," in ji ta. Ta goge masa rigarsa mai ruwan toka ta rataye.

Ranar Asabar kowa ya zo, har wakili. Baba ya ninke wata takarda ya miƙa wa Almakashi ya ce ta damƙe a hannu kada ta buɗe. Ya ce yau ba zai taɓa kome ba: Tartsatsi ne zai ɗauko gwangwani, kuma za a zazzage a tebur a ƙirga a gaban kowa. Ya koma kan kujera ya harɗe hannuwa.

"A fara da Baya da Titi."

Aka ƙirga, goma sha uku da takwas. Baya. Tartsatsi ya ce, "Anti, kin dai gani, ba laifin sikeli ba ne." Aka sake shiga bayan labule, Baya da Famfo. Tartsatsi da kansa ya zazzage, ya ƙirga, ya sake ƙirgawa da ɗan yatsa. Famfo goma sha huɗu. Caja ya dafe kai.

"Ƙanwata, buɗe takardar," in ji Baba.

Ta buɗe. Famfo aka rubuta, da rubutunsa mai manyan haruffa.

Tartsatsi ya matsar da kujerarsa baya kaɗan. "Baba, duba ka fara bayan tsufa?"

Baba ya ɗauko kwalinsa ya ɗora a tebur, ya kasa notin, ya bi da su a hankali, karo ɗaya bayan ɗaya. Bai iya dogon bayani ba, sai dai ya tura noti nan, ya tura can, ya ce ku duba. Mutane suka matso har kawunansu na haɗuwa. Wani tsohon tela ya ce a sake, aka sake. Ya cire tabarau ya ce, "Ikon Allah. Kowa da gaskiyarsa, kuma an rasa gaskiyar."

Almakashi ta daɗe tana kallon kwalin. "Wato da na ce a fara da Titi, ni da bakina na toshe ƙofarmu."

"Almakashi ya yanki mai shi," in ji Tartsatsi. Wannan karon har ita ta murmusa.

Caja ya ce to a sauya hanya mana, kowa ya jefa wa wadda ya fi so, mai yawa ta ci. Baba ya ce ya gwada: Titi za ta ci da takwas, alhali mutum goma sha uku sun fi son Baya a kanta. Ya gwada a ba mutum noti biyu don ta farkonsa, ɗaya don ta biyu. Wannan tana tafiya, sai dai in wani ya yi wayo ya hana abokiyar hamayya notinsa da gangan. "Kowacce na gwada, in na toshe nan sai can ta ɓulle."

Caja ya sunkuya kan wayarsa yana latsawa. Can ya ɗago ya ce, "Baba, ai wani masani a wata ƙasa ya ga wannan zoben naka fiye da shekara ɗari biyu da suka wuce. Wani kuma daga baya ya nuna da lissafi cewa in abin zaɓi ya kai uku, ba hanyar jera su da ba ta da inda take yoyo."

Baba ya buɗe baki yana kallonsa. "Shekara ɗari biyu? Shi ma sikeli yake gyarawa?"

Da dariya ta lafa sai ya miƙe. Ya ce akwai sauran magana. Ya faɗa musu zancen guntayen takarda, da mai gadi, da magudanar ruwa. Ya ce bai sani ba ko hannunsa ya taɓa yanke musu hukunci ba da saninsa ba, in ya taɓa su yafe masa. "Yanzu na san cikin kowa, don haka bai kamata in zauna a nan kuna shawara ba. In kun ga a ba wani sikelin, ga shi nan." Ya fita ta Ƙofar Famfo ya zauna a kan wani bulo a inuwar katanga.

Ya fi awa biyu a wurin. Yana jin muryoyi na tashi suna sauka, ta Almakashi a sama da ta kowa, amma ba ya gane abin da ake faɗa. Mata suka zo ɗiban ruwa suka tafi. Inuwa ta janye daga ƙafafunsa, ya matsa. Ya shiga tunanin inda zai kai teburinsa in zaman harabar ya gagara.

Abin da ya faru a ciki daga baya ya ji. Tun da kowa ya ga cikin kowa a kan kwali, sai aka bar zancen ƙuri'a aka shiga zancen dalili. Masu walda suka ce su faɗi suke nema, in za a rushe ginshiƙi ɗaya na Ƙofar Titi mota ta iya shiga, sun mayar da ita ta farko. Wakili ya ce wannan mai sauƙi ne. Masu waya ba su sami abin da suke so ba, sai alƙawarin babban allo mai sunan shagunansu a bakin titi, kuma biyu daga cikinsu sun tashi kafin shekara ta zagayo.

Almakashi ce ta leƙo ta ƙofar, mayafinta a kafaɗa. Ta tsaya kamar mai neman inda za ta fara.

"Yaya, rana ta same ka a nan."

"Ba kome."

"An gama surutu. Tartsatsi ya ce shi zai auna, na ce hannun da ya saba da guduma ba zai taɓa mana sikeli ba. Taso."

Ya tashi ya kakkaɓe rigarsa. Da ya shiga ya tarar an rataya labule, an jera notin. Ya ce da sharaɗi: daga yau in abu uku ne, karo uku za a yi, kowanne ya gamu da kowanne, ko da mutane na sauri. Aka yarda. Titi ta kayar da Famfo. Titi ta kayar da Baya. Wakili ya zaro biro zai sa hannu.

"Dakata, ɗana," in ji Baba. "Saura Famfo da Baya."

"Baba, ai duk biyun toshe su za a yi."

"Na sani. Ina so in gani ne."

Mutum ashirin da ɗaya suka sake bin layi zuwa bayan labule, ba wanda ya yi gunaguni.